Idan dare ya raba a asibiti: yadda halin majo ke shafar ran majinyaci

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin yara na wani asibitin kudancin Nijar tsakanin watan Agusta da Oktoba ya san yadda daren yake. Gado ɗaya yara biyu, wani lokaci uku. Iyaye mata sun shimfiɗa tabarmi har baranda, wannan na fifita, waccan na rarrashi. Babban likita ya gama zagayensa tun da rana. Waɗanda suka rage su ne ma'aikatan jinya masu aikin dare, galibinsu matasa da ba su daɗe da fitowa daga makaranta ba, sai ɗalibai masu neman sanin makamar aiki.

A wannan lokaci na shekara ne zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke haɗuwa a jikin yara. A watan Satumba na 2018 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta sanar da cewa sashen yara na asibitin Magarya, a jihar Damagaram, na ɗauke da yara fiye da 700 a lokaci guda, kuma a watan da ya gabaci sanarwar ana rasa kimanin yara 10 a kowace rana. Shekarar ta yi tsanani fiye da yadda aka saba, amma cunkoson kansa baƙon kowace damina ne a Magarya, da Madarumfa, da sauran garuruwan da ke kan iyaka.

Aikin da ke gaban mai jinya a irin wannan dare aiki ne na agogo da lissafi. Yaron da zazzaɓi ya yi wa tsanani ana yi masa allurar artesunate sau uku cikin yinin farko: da isowarsa, bayan awa 12, sannan bayan awa 24. Ana auna maganin da nauyin yaro, miligiram 3 ga kowane kilo idan bai kai kilo 20 ba. Yaron da tamowa ta kwantar kuma ana ba shi madarar F-75 kowace awa biyu ko uku, har cikin dare, don kada sukarin jininsa ya faɗi. Ƙarin ruwan da zai ceci wani yaro yana iya nauyaya wa zuciyar mai tamowa idan an saki digon ya wuce ƙima.

To, a ƙaddara wata matashiyar mai jinya ce ita kaɗai da yara arba'in. Ƙarfe uku na dare ta duba takarda ta ga allurar wani yaro ta wuce lokacinta da awa huɗu, domin hankalinta ya tafi wurin wani da ke jijjiga. Hanya biyu ce a gabanta. Ko ta rubuta gaskiya, da safe ta ce, "Majo, allurar yaron gado na tara ta makara a hannuna," ko kuwa ta cika gurbin da alƙalami kamar an yi komai a kan kari, ta ja bakinta. Abin da zai sa ta ɗauki ɗaya ta bar ɗaya ba a takardar shaidarta yake ba. Yana ga abin da ta gani da idonta ranar da wata abokiyar aikinta ta amsa kuskure a gaban majo.

Wane ne majo?

Kalmar daga Faransanci ta zo. Majo shi ne ma'aikacin jinya, namiji ko mace, da aka ɗora wa shugabancin wani sashe a asibiti: ɗakin yara, ɗakin tiyata, ɗakin gaggawa. A ƙauyuka ma da wannan suna ake kiran shugaban cibiyar lafiya ta CSI, wanda sau da yawa shi ne mafi girman jami'in lafiya a faɗin garuruwa da dama. A ɗakin haihuwa babbar ungozoma ce ke riƙe da irin wannan matsayi.

Shi ke tsara wanda zai yi safe da wanda zai kwana. Shi ke riƙe da makullin kabad ɗin magani da kayan aiki, ya san safar hannu nawa ta rage, ya rubuta rahoton wata, ya karɓi ɗaliban da makarantu suka turo. Idan dangin mara lafiya sun harzuƙa, wurinsa ake zuwa. Idan babban likita ya harzuƙa, nan ma wurinsa ake zuwa. Likita ne ke rubuta magani, amma ko maganin zai shiga jikin majinyaci a kan lokaci, wannan yana hannun ma'aikatan da majo ke jagoranta.

Wani abu da mutanen waje ba su cika lura da shi ba shi ne irin mutanen da ke ƙarƙashinsa. Farar riga ɗaya ce, amma matsayi daban-daban. Akwai cikakkun ma'aikatan gwamnati, akwai ƴan kwantaragi, akwai masu hidimar ƙasa, akwai kuma ƴan sa-kai da suka kammala karatu suna aiki ba albashi, da fatan wata rana a ɗauke su. Makarantar ENSP ta Yamai, mai ɗauke da sunan Damure Zika, da takwararta ta Damagaram, da ɗimbin makarantun kuɗi da suka buɗe a manyan birane, suna yaye matasa kowace shekara, amma gurbin aiki bai kai yawansu ba. Wanda ke kwana a kan aiki kyauta, yana kallon wanda ke karɓar albashi ya tafi biki, riƙe zuciyarsa sai an iya.

Sashen da ya fi "kuskure" shi ya fi kyau

Maganar matashiyar nan da allurar da ta makara ba zato ba ce kawai, an taɓa bincika ta. A farkon shekarun 1990 wata mai bincike a jami'ar Harvard ta Amurka, Amy Edmondson, ta bi diddigin kura-kuran ba da magani a wasu sassa na asibitoci biyu. Tsammaninta shi ne sassan da ke da shugabanci nagari da zaman lafiya tsakanin ma'aikata su za su fi ƙarancin kuskure. Da alƙaluma suka fito sai ta ga akasin haka: su suka fi kowa yawan kuskure a rubuce.

Da aka zurfafa bincike sai dalili ya bayyana. Ba kuskuren suka fi yi ba, faɗinsa suka fi yi. A sassan da shugabar masu jinya ke da zafin hannu wurin ɗora laifi, ma'aikata sun koyi rufa-rufa, takarda ta fito fes alhali kuwa ɓarnar na nan. A sassan da shugabar ke sauƙin kusanta, tana shiga aiki da hannunta, tana tambayar yadda abu ya faru kafin ta tambayi wanda ya yi, ana kawo kuskure a fili a gyara. An wallafa binciken a 1996, kuma daga gare shi ne Edmondson ta gina ra'ayin da ya yi mata suna, wato cewa ma'aikaci ba ya faɗin gaskiya sai ya tabbata faɗin ba zai zame masa abin wulaƙanci ba.

Amurka da nisa, amma cika takarda bayan aiki ya wuce ba baƙon abu ba ne a Nijar. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun daɗe da nuna cewa a ɗakunan haihuwa da dama, takardar bibiyar naƙuda, wadda aka yi ta domin a riƙa cikawa awa bayan awa don a gane haɗari da wuri, sai bayan an haihu ake zama a cika ta. Mai duba aiki ya zo ya ga takarda cikakkiya, ya tafi da murna. Takardar ta yi wa ofis amfani, ba ta yi wa mai naƙuda ba.

Ana iya cewa ai tsawa ma gyara ce, kuma da yawa cikin tsofaffin ma'aikata da tsawa aka horar da su. Gaskiya ne akwai abin da ba a yi masa sassauci: sayar da maganin da aka ce kyauta ne, barin aiki ba izini, zagin mara lafiya. Majon da ke kau da kai daga waɗannan don a ce yana da kirki, majinyata ne ke biyan kuɗin kirkinsa. Amma wanda ya kasa bambanta mai ha'inci da wadda aiki ya fi ƙarfinta, ya haɗa su ya wanke a gaban iyayen yara, ya koya wa sashen gaba ɗaya darasi guda: gobe kowa ya ɓoye nasa.

Shugaba mai makulli, marar sanda

A 2003 Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar da littafin Une médecine inhospitalière, sakamakon binciken da aka yi a cibiyoyin lafiya na manyan birane biyar: Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Littafin ya tayar da ƙura, domin ya faɗi abin da talaka ya riga ya sani. Wanda ke da ɗan'uwa ko sananne a asibiti ana karɓarsa da fara'a, wanda ba shi da kowa kuwa sai ya yi ta jira, ba mai gaishe shi balle a yi masa bayani. Binciken ya kuma taɓo wani abu da ya shafi majo kai tsaye, wato wuyar hukunta ma'aikaci.

Majo ba shi ke ɗaukar ma'aikata ba, ba shi ke korarsu ba, ba shi ke ƙara musu albashi ba. Idan ya rubuta takardar ƙorafi a kan wanda ke fashin aiki, ba mamaki kafin la'asar waya ta shigo daga wani babba, ɗan siyasa ko basarake ko ɗan'uwa, ana roƙon a yi haƙuri. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Sauran ma'aikata suna gani, kuma suna lissafi.

Wannan ne ya sa shugabancin tallafa wa na ƙasa ba kwalliya ba ne a asibitin Nijar. Kusan shi kaɗai ne makamin da ya rage. Wanda ba shi da sanda ba shi da jaka, sai dai ya ja mutane da abin da suke gani a jikinsa. Daga baya masu binciken LASDEL ɗin suka juya akalar aikinsu zuwa neman irin waɗannan mutane, waɗanda suka kira masu gyara daga cikin gida: ma'aikatan da, ba tare da kuɗin wata ƙungiyar waje ba, suka gyara yadda sashensu ke tafiya. An same su. Ba su da yawa, kuma sau da yawa su kaɗai suke fafutukarsu.

Abin da irin wannan majo ke yi, idan aka zayyana shi, ba ya da ban mamaki. Jadawalin kwana shi ne gwaji na farko. A kowane sashe an san wanda ke kwana ranar jajibirin Salla da wanda ba ya taɓa kwana. Idan ƴan sa-kai da sababbi ne kullum ke ɗaukar daren, masu galihu na hutawa, to duk wa'azin da majo zai yi da safe iska ce. Idan kuwa jadawalin na manne a bango, kowa na ganin rabonsa, har shi majon yana ɗaukar nasa idan hannu ya yi ƙaranci, rabin gunaguni ya mutu. Mai shayarwa da ta nemi sauyin awa, ko wanda aka yi wa rasuwa, a duba masa ba tare da ya durƙusa ba.

Sai miƙa aiki da safe. A wani sashen mai fita ya ajiye rajista a kan tebur ya kama hanya. A wani kuwa ana bin gadaje ɗaya bayan ɗaya, mai fita da mai shiga da majo, ana cewa wannan bai sha madarar asuba ba, wancan jikinsa ya yi sanyi, a sa masa ido. Minti ashirin ne ko talatin. A nan ne sabuwar ma'aikaciya ke koyon abin da makaranta ba ta koya mata ba, a nan ne kuma take gane ko tambaya abin kunya ce a wannan ɗaki. Majon da ke cewa, "Ɗiyata, zo mu sake lissafin tare," ya ba ta abin da za ta yi aiki da shi shekara talatin.

Akwai kuma wayar dare. Kowane majo yana cewa a kira shi idan abu ya rikice. Ma'aikata sun san wanda da gaske yake, sun kuma san wanda idan an kira shi sai an yi da-na-sani.

Tsakanin dangi da ma'aikata

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, tare da tiyatar haihuwa da wasu fannoni. Matakin ya sa iyaye da yawa sun kawo yaran da a da sai dai a yi musu jiƙe-jiƙe a gida. Sai dai kuɗin da gwamnati ke mayar wa cibiyoyin lafiya sun riƙa makara sosai, kabad ya wofinta, aka koma rubuta wa iyaye takarda su je kantin magani. Uban da ya ji a rediyo an ce kyauta, aka kuma miƙa masa takardar jika goma, ba ministan kuɗi zai tuhuma ba. Yarinyar da ke gabansa da farar riga zai tuhuma, wani lokaci da zargin sata.

Ƴan ƙasar da ke Kano, Legas, Agadas, Libiya ko Faransa sun san wannan daga ɗaya ɓangaren. Waya ce ke zuwa cewa an kwantar da Inna, a turo kuɗi, sannan a biyo da ƙorafin cewa ma'aikatan ba su kula. Wani ƙorafin gaskiya ne tsagwaronta. Wani kuma ya samo asali daga rashin wanda zai tsaya minti biyu ya yi bayani. Majo nagari yana fitowa da kansa ya ce, "Alhaji, wannan maganin ya ƙare mana tun makon jiya, ga wanda muke da shi, ga wanda sai an sayo." Ya kare ma'aikaciyarsa daga zargin da ba nata ba, ya kuma ba dangi haƙƙinsu na sani. In kuwa ma'aikaciyar ce ta yi wa dattijo tsawa, a ofis zai kira ta su yi ta ƙare, sannan a ba dattijon haƙuri.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an ga irin wannan nauyi ƙarara. Najeriya, wadda a lokacin take ba Nijar kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar lantarki, ta katse layin a watan Agusta, iyakoki suka rufe, shigowar magunguna ta yi wuya har zuwa ɗage takunkumin CEDEAO a Fabrairun 2024. A ɗakin da na'urar iskar shaƙa ke dogara da wuta, wani ne zai yanke shawarar yaron da za a fara sa wa idan janareto ya tashi. Barin irin wannan hukunci a wuyan ƴar shekara ashirin da biyu ita kaɗai, da tsakar dare, zalunci ne ko da ba wanda ya yi niyyarsa.

Kirki ba ya haifar da ma'aikata

Kada a ɗora wa majo abin da ya fi ƙarfinsa. Binciken da Linda Aiken da abokan aikinta suka wallafa a 2002, a kan asibitoci 168 na jihar Pennsylvania, ya gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa mai jinya yana ƙara haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata da kashi 7 cikin ɗari a cikin kwana 30, yana kuma ƙara yiwuwar ma'aikacin ya ƙosa da aikin da kashi 23. Can ana maganar bambanci tsakanin majinyata huɗu da takwas ne. A nan kuwa lissafin damina ya wuce wannan nesa ba kusa ba.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce akwai ma'aikatan jinya miliyan 27.9 a duniya, da giɓin miliyan 5.9, mafi yawansa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Hukumar na ganin ana buƙatar likitoci da masu jinya da ungozomomi 4.45 ga kowane mutum dubu. Nijar ba ta kai ko ɗaya ba, kuma tana cikin jerin ƙasashe 55 da hukumar ta fitar a 2023 waɗanda ƙarancin ma'aikatansu ya kai a yi hattara da kwashe su zuwa waje. Kaɗan ɗin da ake da su ma sun fi taruwa a Yamai da manyan birane.

Duk da haka, inda ma'aikata suka yi ƙaranci nan ne riƙe wanda ake da shi ya fi tsada. A farkon shekarun 1980, lokacin da asibitocin Amurka ke fama da gudun masu jinya, an binciki wasu 41 da ma'aikata ba sa barinsu, aka yi musu laƙabi da asibitocin maganaɗisu. Cikin abubuwan da suka haɗa su akwai shugabannin jinya da ake gani a ɗakin majinyata, masu sauraro, masu tsaya wa na ƙasa da su. A Nijar gudun yana da nasa salo. Ƙwararre ya koma aikin ƙungiyoyin agaji inda albashi ya fi, ko asibitin kuɗi, ko ya nemi hanyar da za a mayar da shi ofis. Wani kuma yana nan da jikinsa, zuciyar ta daɗe da tafiya, kuma wannan ya fi wuyar ganewa. Albashi ne babban dalili, babu musu, kuma a kansa ƙungiyoyin ƙwadago irin su SUSAS suka sha shiga yajin aiki. Amma cikin sassa biyu masu albashi ɗaya, akwai wanda ake roƙon a tura mutum da wanda ake roƙon a fitar da shi.

Abin da ya rage shi ne shi majon wa ke tallafa masa. Galibi ana naɗa shi ne don ya daɗe a aiki ko don hannunsa na da kyau, wani lokaci don ya san wani. Ƙwarewa wurin samun jijiyar jariri daban take da iya sasanta ma'aikata biyu da ba sa ga-maciji, ko iya gaya wa babban likita cewa umarnin da ya rubuta ba zai yiwu da mutum biyu ba. Tarurrukan horo da ake kira a otal sun fi karkata ga cuta kaza ko sabuwar takarda kaza, kuma masu duba aiki idan sun zo rajista suke buɗewa. Majon da ya gyara sashensa cikin shekara uku yana iya wayar gari da takardar sauyin wurin aiki, a kawo wani, jadawalin da ke bango ya koma aljihu.